Zuwa ga ministocin noma da na kamun kifi: garin bakin teku ba ya rabuwa gida biyu kamar ofisoshinku

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Da gangan na haɗa ku a wasiƙa ɗaya, duk da na san a ƙasashe da yawa ofisoshinku daban ne, kasafin kuɗinku daban, wani lokacin ma ministan noma da na kamun kifi ba sa ganin juna sai ranar taron majalisar ministoci. Mutanen da nake son yi muku maganarsu, wato mazauna ƙananan garuruwan bakin teku waɗanda ke noma kuma suna su, a tsakar gida ɗaya suke yin abin da ku kuka raba wa ma'aikatu biyu ko uku. Fartanya da raga a ɗaki ɗaya ake rataye su. Kuɗin kifin jiya shi ke sayen irin shuka, hatsin da aka girbe shi ke riƙe gida a watannin da teku ta hana shiga. Irin wannan gari da ƙafa biyu yake tafiya, kuma kusan duk ɓarnar da hukuma ke yi masa, ko da niyyarta mai kyau ce, daga nan take farawa, kowane ofis ƙafa ɗaya yake gani.

Ku duba fom ɗin da ma'aikatanku ke yawo da shi in za a yi ƙidaya ko rijista. Gurbi ɗaya ne aka bari wa sana'a. Ma'aikaci ya iske maigida ya fito daga ruwa wandonsa a jiƙe, sai ya rubuta masunci, alhali in ya dawo bayan wata biyu a gona zai same shi tun asuba. Matar kuma sai a rubuta mata "matar aure", shi ke nan, ita da ta kwana a gaban murhun banda, ita ta ba da kuɗin man da aka zuba a injin kwale-kwale, ita za ta kai kifin kasuwa, in ruwa ya janye kuma ta ɗauki wuƙa da bokiti ta shiga taɓo neman kawa da ƙaguwa. To daga wannan fom ɗin ne ake shirya komai. Ma'aikatar noma ba za ta sa shi a jerin masu karɓar iri da taki ba tunda ai masunci ne, ma'aikatar kifi kuma ba ta ma san da matar ba, balle abin da ta tsinto a taɓo wanda bai taɓa hawa sikeli ba, kai tsaye tukunya ya nufa. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce ƙananan masunta ne ke kama aƙalla kashi 40 cikin 100 na kifin da ake kamawa a duniya, kuma kusan kashi 90 na masu aiki a harkar su suna wannan ɓangaren ne. Amma in an zauna rabon tallafi ko lasisi sai ka ga kamar su ne 'yan rakiya.

Agogonsu ma ba irin naku ba ne. A yawancin gaɓoɓi teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50, saboda haka wanda ya fita ƙarfe biyar na asuba yau, nan da mako guda wani lokaci ne daban. In wata ya tsaya da in ya cika, cikar ruwa tana yin yawa, janyewarsa ma haka, a lokacin ne mata ke samun taɓo ya buɗe sosai. Masu neman ƙananan kifi da dare kuwa duhun wata suke so. Yaro ɗan shekara goma a irin garin nan ya san duk wannan ba tare da ya buɗe littafi ba. Sai ga wasiƙa daga ofis, wai za a yi mitin da al'umma ranar kaza ƙarfe goma na safe, daidai lokacin da jirage ke fitowa da kifi, kowa na gaɓa. Mutum bakwai suka zo, tsofaffi da masu zaman banza, aka ɗauki hoto, aka rubuta a rahoto cewa an tuntuɓi jama'a kuma ba su nuna adawa ba. Haba ranku ya daɗe.

Shekarar ma haka take a rabe. A wurare da dama lokacin da iska ke tashi teku ta yi fushi shi ne lokacin damina, sai a ja jirage tudu a koma gona, in an yi girbi ruwa ya lafa a koma su. Wannan ba abin ƙasashe matalauta kaɗai ba ne. A arewacin Norway, shekaru aru-aru, maza kan tafi tsibiran Lofoten tsakanin Janairu da Afrilu lokacin da kifin kod ke zuwa yin ƙwai, mata su riƙe gona da shanu da tumaki har su dawo, da bazara kowa ya duƙufa yankan ciyawa. A tsibiran Aran na yammacin Ireland, inda ƙasar duk dutse ce, da ciyawar teku da yashi mutane suka ƙirƙiri ƙasar noman da suka shuka dankali a kai, kwando-kwando suka ɗebo ta daga gaɓa. A Anloga, kusa da Keta a Ghana, kan wani siririn tudun yashi tsakanin teku da tafki, ana noman ƙananan albasa da 'yan rijiyoyi marasa zurfi da taki, har da na ragowar kifi. Su kuwa Balanta na Gine Bisau da Jola na Kazamans a Sanagal, cikin dajin mangurof, wato itatuwan nan da ke tsirowa a ruwan gishiri, suke tayar da ganuwar laka da hannu su tare ruwan teku, su bar ruwan sama ya wanke gishirin ƙasa na 'yan shekaru sannan su dasa shinkafa. Aiki ne na taron dangi, kuma in samari suka watse zuwa birni aka rasa masu gyaran ganuwa, cikar ruwa ɗaya mai ƙarfi ta isa ta mayar da aikin kakanni gishiri.

Ina so wata rana ɗayanku ya je gaɓa da safe ba tare da jiniya ba, ya tsaya gefe ya ga yadda ake sauke kifi. Tun jirgi na nesa an gane na wane ne daga fentinsa da tutarsa, kuma daga yadda ya nutse a ruwa mata sun san ko an samu ko ba a samu ba. Mai tuƙi zai tsaya bayan inda igiyar ruwa ke karyewa yana ƙirga ta, sai ya ga wadda ta yi masa sannan ya buɗe wuta ya hau bayanta, in ya yi kuskure jirgi ya juya gefe, kifi da raga da inji duk su kife a gaban jama'a. Da ya taɓa yashi samari sun ruga, a jera gungumen itace a ƙarƙashinsa, a kama igiya ana waƙa ana ja. Duk wanda ya sa hannu a igiyar nan yana da ɗan rabonsa na kifi, ko ba a kira shi ba. Tsohon da ya daina shiga ruwa ya zo ya tsaya, ba zai koma hannu rabbana ba, matar da teku ta cinye mijinta ma haka. Sannan a cire kuɗin mai da na abincin da aka ci a ruwa, abin da ya rage a raba, kaso na jirgi, na raga, na inji, sauran na waɗanda suka shiga. Tsarin rabon yana bambanta daga wannan gaɓa zuwa waccan amma kusan ko'ina ba albashi ba ne, kaso ne, in an samu kowa ya samu, in an tashi a tutar babu kowa ya sha tare. Babu takarda ko ɗaya a duk wannan, kuma shi ne fanshon garin, shi ne inshorarsa.

Matar da ta ba da kuɗin mai ita ke da haƙƙin fara sayen kifin jirgin, kuma in aka yi mako biyu ba a kama komai ba ita za a sake komawa, ta sake bayarwa, ba ta kai kowa kotu ba. A gaɓar Fante ta Ghana akwai shugaban masunta mai sasanta rigimar ruwa, akwai kuma shugabar mata masu sayen kifi wadda ke da baki a farashin ranar. Bankin da kuke turowa da rance mai biyan wata-wata bai san wannan ba, shi dai ƙarshen wata ya yi a kawo, ko teku ta ba da ko ta hana. Ba kuma cewa nake komai na al'adar nan alheri ne ba. Akwai bashin da ke ɗaure masunci shekara da shekaru ba ya iya sayar wa kowa sai mai bin sa, akwai yaran da ake cirewa daga aji a sa su a jirgi, akwai wuraren da mace ke yin rabin aikin amma in an zauna yanke shawara ko tabarma ba a shimfiɗa mata. Waɗannan ku shiga ku gyara, aikinku ne. Amma wanda zai gyara abu sai ya fara sanin yadda yake aiki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake kallon dokokinsu na gargajiya kamar camfi ne kawai ko abin nuna wa 'yan yawon buɗe ido. A yawancin gaɓar Ghana ba a shiga teku ranar Talata, ranar gyaran raga ce da sasanta rigingimu, kuma ko me mutum ya ɗauka game da asalin abin, sakamakonsa dai teku ta huta kwana ɗaya cikin bakwai ba tare da gwamnati ta kashe ko sisi ba. A Aceh ta Indunusiya akwai Panglima Laot, sarautar kula da teku da ake danganta ta da zamanin Sarki Iskandar Muda a ƙarni na 17, su ke hana fita ranar Juma'a da ranakun idi, su ke shirya neman wanda ya ɓata a ruwa, kuma bayan igiyar tsunami ta 2004 sun ƙara ranar 26 ga Disamba cikin ranakun da ba a fita. A tsibiran Maluku na Indunusiya kuma akwai abin da suke kira sasi, a kafa alamar ganyen kwakwa a ce daga yau ba mai taɓa wannan yanki sai an buɗe, kuma abin lura a nan, dokar ɗaya ce take hawa kan kwakwar da ke gona da kifin da ke ruwa, masu tsaronta ma su ɗaya ne. Su ba su taɓa raba noma da su ba. A tsibirin Simeulue na Indunusiya, kusa da inda girgizar ƙasar da ta tayar da tsunamin 2004 ta auku, kakanni sun riƙa gaya wa jikoki labarin igiyar 1907, cewa in ƙasa ta girgiza ruwa ya janye kada ka tsaya tsintar kifi, ka gudu tudu. Mutum sama da 70,000 ne a tsibirin, waɗanda igiyar ta kashe ba su kai 10 ba, a ranar da ta hallaka sama da mutum 200,000 a ƙasashen da ke kewaye da tekun Indiya.

Amma fa dokar gargajiya iyakarta kan ɗan gari. Shugaban masunta zai iya cin tarar wanda ya fita ranar da aka hana, ba zai iya tsayar da jirgin ƙarfe mai jan raga a ƙasan teku wanda ya shigo da tsakar dare ya kashe fitilunsa ba. Wannan naku ne, ku kuka sa hannu a lasisinsa. Tun yarjejeniyar dokar teku ta 1982 kowace ƙasa mai gaɓa take da iko da kifin da ke cikin mil 200 daga bakin ruwanta, kuma ƙasashe da yawa sun ware 'yan mil na kusa da gaɓa, wasu 5 wasu 6 wasu 12, suka ce na ƙananan masunta ne kaɗai. A takarda ke nan. A ruwa kuwa masunci ya shimfiɗa ragarsa da yamma, ya dawo da asuba ya tarar da guntun igiya da 'yan robobi na yawo, ragar da bai gama biyan bashinta ba jirgi ya ja ta ya wuce. Ya je kai ƙara a ce ya kawo lambar jirgin, shi da abin ya faru cikin duhu. Yanzu kuwa manyan jiragen nan ana iya bin sawunsu ta tauraron ɗan'adam daga kan kwamfuta a ofis, don haka maganar ba a gani ba ta ƙare. In kuna son sanin ƙarshen wannan hanya ku karanta abin da ya faru a Newfoundland ta Kanada. Kusan shekara 500 ana kama kod a can, ƙananan masuntan gaɓa suka yi ta kukan cewa kifi na raguwa yana ƙanƙancewa, lissafin ofis ya ce ba komai, sai ranar 2 ga Yulin 1992 minista ya fito ya rufe kamun gaba ɗaya, mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba aiki. Shekara 2 aka ce za a yi, sai 2024 aka ɗan sake buɗewa, a lokacin ƙauyuka da yawa sun riga sun zama kufai. Kanada ce fa, mai kuɗin biyan diyya.

In kifi ya ragu sai a tuna da dokar rufe teku na wani lokaci, kuma ni ban ƙi ta ba, kifi na buƙatar ya yi ƙwai. Tambayar ita ce wa za a rufe wa, kuma me zai ci. Jihar Kerala ta Indiya tun 1988 take hana jiragen jan raga fita a lokacin damina, yanzu kwana 52 ne daga Yuni zuwa ƙarshen Yuli, amma ta bar masu jiragen gargajiya su ci gaba. Brazil tana biyan ƙaramin masunci mai rijista mafi ƙarancin albashi a watannin da aka hana shi kamu. Bangladesh na raba shinkafa a lokacin da ta hana kama kifin hilsa, duk da ana yawan ƙorafin ba ta isa ko ba ta kai ga kowa. Kowanne da matsalarsa, amma aƙalla an yarda cewa mutumin da ke cin abin da ya kamo yau ba a ce masa ya dakata wata guda hannu sake. Kuma a nan ne zamanku tare zai yi amfani, don in aka daidaita lokacin rufewa da lokacin da dama mutane ke gona, aka kawo iri da taki a kan kari, rabin rigimar ta mutu. In kuwa aka rufe teku a watan da rumbu ya ƙare sabon amfani bai nuna ba, ko soja aka zuba a gaɓa sai an fita da dare.

Sai maganar masana'antun niƙa kifi da suka yawaita a gaɓar Muritaniya da Sanagal da Gambiya, a wurare irin su Nouadhibou da Gunjur da Sanyang. Ƙananan kifin nan masu araha da mata ke bandawa, wanda ke shiga mota ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita har ya isa tukunyar talakan da bai taɓa ganin teku ba, shi ake niƙawa a fitar waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo 1 na gari. Mai jirgi wataƙila ya ji daɗi tunda masana'anta na saye gaba ɗaya ta biya nan take, amma matar da ke da murhu ba za ta iya gasa da ita ba, kuma a littafinku abin zai fito a matsayin ƙaruwar kuɗin shiga daga waje, asarar matar kuwa babu layin da za a rubuta ta tunda tun farko ba a rubuta ribarta ba.

Ranka ya daɗe ministan noma, kada ka ce duk wannan na abokin aikinka ne. Babban maƙiyin gonar bakin teku gishiri ne, kuma sau da yawa da sa hannun hukuma yake shigowa. A kudu maso yammacin Bangladesh an gina ganuwoyi tun shekarun 1960 don kare gonakin shinkafa daga ruwan teku, daga baya masu kuɗi suka riƙa fasa su suna shigo da ruwan gishiri don kiwon jatan lande na fitarwa waje, gonar maƙwabci ta mutu, itatuwa suka bushe, ruwan sha ya gagara. A Nuwamban 1990 aka kashe wata mata, Karunamoyee Sardar, tana jagorantar zanga-zangar ƙin hakan a yankin Khulna. Madatsun ruwa ma haka, wanda ya gina dam can sama da wuya ya tuna da mutanen bakin kogi. Tun da aka gama dam ɗin Akosombo na Ghana a 1965 yashin da kogin Volta ke kawowa gaɓa ya ragu ƙwarai, abin da ya ƙara wa zaizayar Keta ƙarfi, teku ta cinye unguwanni. A Saint-Louis ta Sanagal kuwa, a Oktoban 2003, don ceton birnin daga ambaliya aka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a tudun yashin da ya raba kogi da teku. Birnin ya tsira a wannan shekarar, amma hanyar ta yi ta faɗaɗa har ta kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dièye ya tashi, gishiri ya shiga rijiyoyi da gonakin lambu na yankin Gandiol, masunta da yawa kuma sun rasa rayukansu wajen ƙetare sabon bakin. Shawara ce ta 'yan kwanaki, cikin gaggawa, kuma waɗanda suka fi kowa sanin halin wannan yashin suna nan zaune a kansa. Haka tifofin da ke kwasar yashin gaɓa don gini a birni, kowace tifa ɗaya wani ne aka matso wa teku ƙofar gida.

Ita kanta gaɓar, wa ke da ita? A dokar ƙasashe da yawa bakin teku na gwamnati ne, su kuwa mutanen da suka shekara ɗari biyu suna jan jirgi a wurin, suna shanya raga, suna banda, suna binne matattunsu a bayan tudu, ba su da ko ƙyallen takarda. A taswirar ofis wurin fili ne fayau ba kowa. Rana tsaka sai a ga masu awo, sai shinge, sai allon otal ko tashar jiragen ruwa. Bayan tsunamin 2004 gwamnatin Sri Lanka ta hana sake gina gidaje cikin mita 100 daga ruwa a kudu, mita 200 a gabas da arewa, aka kwashe masunta zuwa gidajen da ke da nisan kilomitoci, alhali otal-otal da yawa sun gyara sun ci gaba da harkarsu a bakin ruwan, daga baya dole aka sassauta dokar. Na yarda akwai wuraren da tashi ya zama dole, teku na hawa, ba mai musun wannan. Amma wanda ya zana sabuwar unguwa can cikin tudu ya tambayi kansa yadda mutum zai ɗauki inji mai nauyin buhu a kafaɗa ƙarfe uku na dare ya taka kilomita biyar, da wanda zai kwana gadin jirgi, da inda matar za ta kafa murhu, da ko gonar da aka ba shi a can ta wani ce. In ba a amsa waɗannan ba gidajen za su zama na haya, mutanen su koma gaɓa su kafa bukka.

Kan kayan tallafi ba zan ja da nisa ba. Kowa ya san labarin ɗakin sanyi da aka buɗe da kiɗa a garin da wuta ba ta tsayawa, bayan shekara ya zama ɗakin ajiyar raga. Ku gwada shi da murhun banda na Chorkor da aka fito da shi a Ghana a 1969 tare da matan da za su yi amfani da shi, laka ce da katako da waya, yana cin itace kaɗan yana ɗaukar kifi da yawa, ya bazu ƙasashe ba tare da an roƙi kowa ba. Hayaƙinsa na da illa ga ido da ƙirji, shi ya sa ake ta fito da waɗanda suka fi shi, amma dalilin karɓuwarsa a fili yake, in ya fashe magini na nan cikin gari.

Ba sabon abu nake roƙo ba. A 2014 ƙasashenku suka amince a Rum da ƙa'idojin FAO na kare ƙananan masunta, a ciki akwai haƙƙin gaɓa da na ruwan kusa, da shigar da mata, da tuntuɓar mutane kafin a yanke abin da ya shafe su. Na sa-kai ne, ba mai kama ku in kun ƙi, shi ya sa a wurare da yawa suna nan cikin fayil. Ku mayar da su doka. Ku sa a auna wuraren sauke kifi da na banda da hanyoyin zuwa gaɓa a yi musu takarda da sunan al'umma kafin mai otal ya riga su. Fom ɗin nan a ƙara masa gurbi, mutum ya iya zama manomi kuma masunci, matar ma a rubuta abin da take yi. Duk takardar dam ko kiwon jatan lande ko kwasar yashi da za ta shafi bakin kogi, kada ɗayanku ya sa hannu sai ɗayan ya gani. In za a kira mitin a tambayi shugaban masunta da shugabar mata ranar da ba a fita, a yi shi a gaɓa ba a ɗakin taro na babban birni ba.

Sannan jerin jiragen da kuka ba lasisi, da sunan masu su na ainihi, da irin ragar da aka yarda su ja, da inda aka yarda su ja ta. Sanagal ta wallafa jerin jiragenta a watan Mayun 2024, ba abin da ya fashe. Ku ma ku fitar da naku, kuma kada ya tsaya a intanet kawai, a buga shi da manyan baƙaƙe da hoton kowane jirgi a manna a rumfar da ake sauke kifi, tare da lambar wayar da in an kira ƙarfe biyu na dare za a samu mai ɗauka.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
wani mai bibiyar al'amuran garuruwan bakin teku